Wata 6 ina darasin fiyano ta Zoom amma hannuna bai faɗa ba: laifin intanet ne ko nawa?

"Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, shekarata 27. Na sayi fiyano ƙirar Yamaha mai maɓalli 61, na samu malami a Legas yana koya mini ta Zoom sau ɗaya a mako, minti 45. Yau wata 6 ke nan. Ina kuma bin darussan YouTube idan na samu sarari. Burina in riƙa yi wa mawaƙan cocinmu kiɗa, nan gaba kuma in shiga aikin situdiyo. Amma har yanzu hannun dama da na hagu sun ƙi jituwa, rabin lokacin darasi yana ƙarewa a 'kana ji na?', kuma malamin yakan ce sautina yana yankewa. Kuɗin data da na darasi sun fara yi mini nauyi. Shin koyon ta intanet ne ba ya yi, ko ni ne ban san yadda zan ci moriyarsa ba?"

Ɗan'uwa, na gode da ka fito da wannan magana fili, domin ɗalibai da yawa suna fama da ita amma suna jin nauyin faɗa wa malamansu. Idan na fahimce ka, abu biyu ne suka haɗe maka. Darasin da kake biya ba ya isowa gare ka cikakke saboda sauti da sabis, sannan ɗan abin da ya iso ɗin bai zauna a hannunka ba. Na daɗe ina koyar da fiyano, ido da ido da kuma ta waya, kuma abin da na gani shi ne ana koyo ta intanet har a ƙware. Sai dai akwai wani aiki da malami yake yi da kansa idan kuna ɗaki ɗaya, wanda a intanet ya dawo wuyan ɗalibi, kuma galibi ba wanda yake gaya wa ɗalibin cewa an ɗora masa shi.

Malamin da yake zaune kusa da kai yana ganin kafaɗarka idan ta ɗaga, yana ganin tsintsiyar hannunka idan ta faɗa ƙasa, yana jin wane yatsa ne ya fi sauran ƙarfi, yana iya miƙa hannu ya gyara maka zama ko uffan bai ce ba. Malaminka na Legas ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai abin da wayarka ta aika masa. Abin da kyamara ba ta ɗauka ba bai gan shi ba, abin da makirufo ya haɗiye bai ji shi ba. Saboda haka kafin ka yanke wa malamin hukunci, ko ka yanke wa kanka, sai mu fara tabbatarwa ko a wata shidan nan ya taɓa jin kiɗanka yadda yake fita a ɗakinka.

## Abin da yake yanke sautinka

Ba kullum sabis ne mai laifi ba. An ƙera Zoom ne don taro da magana, kuma a cikinsa akwai tsarin da yake tace hayaniya. Duk sautin da ya daɗe yana tafiya ba canji, irin na fanka ko na inji, tsarin yana ɗaukarsa hayaniya ne ya danne shi. Idan ka danna maɓalli ka riƙe, ko ka taka feda, wato abin takawa da ƙafa mai riƙe sauti, malaminka zai ji bugun farko, daga nan sautin ya shaƙe ya ɓace. Ga yadda za ka bambance. Idan hoto yana tafiya sumul, maganarka tana fita tar, fiyanon ne kawai yake yankewa, to saiti ne. Idan hoton yana daskarewa, muryar malamin ma tana tsinkewa, wannan sabis ne.

Maganin na farko kyauta ne. Tun 2020 Zoom ya inganta saitin makaɗa, kuma a kwamfuta za ka same shi a sashen sauti da sunan "Original sound for musicians". A waya ma akwai shi da sunan "Original sound": ka buɗe shi a saiti, sannan idan an shiga darasi ka sake kunna shi a cikin kiran, don buɗewar farko ba ta wadatar ba. Ku duka biyu za ku kunna, kai da malamin. Idan da kwamfuta kake shiga, ka kashe wurin da yake daidaita ƙarfin makirufo da kansa, in ba haka ba bugunka mai laushi da mai ƙarfi duk ɗaya za su isa Legas, alhali wannan bambancin shi ne rabin kiɗan fiyano. Ka sani fa, da zarar ka cire matatar, ƙarar janareta da fanka da masu acaɓa a waje duk za su shiga. Sai ka rufe taga ta ɓangaren inji, ka kawar da fanka daga kusa da wayar. Kada ka ɗora wayar a jikin fiyanon, domin ƙwanƙwasar maɓallai za ta rufe kiɗan. Ka guji abin kunne na Bluetooth, yana ƙara jinkiri, makirufonsa kuma na magana ne. Kiran bidiyon WhatsApp ba shi da irin wannan saiti, shi ya sa ba na yin darasin kai tsaye da shi sai dole.

Akwai kuma abin da babu saitin da zai gyara, wato jinkirin da sauti yake yi a hanya. Makaɗa biyu sukan fara rabuwa da juna idan tazarar ta wuce kimanin kashi 30 cikin 1,000 na daƙiƙa, kiran bidiyo kuwa yakan wuce kashi 100 ko da sabis yana da kyau. Ke nan kai da malaminka ba za ku iya kiɗa tare ba, kada ku ɓata lokaci kuna gwadawa. Abin da ya fi wannan illa, kuma na sha ganinsa, shi ne malami ya riƙa ƙirga maka "ɗaya, biyu, uku, huɗu" ko yana tafi kana bugawa. Shi yana bin kiɗanka da ya iso masa a makare, ƙirgarsa kuma ta dawo maka a makare sau biyu, sai ka yi ta ja da baya kana jiransa, shi kuma ya ce kana jan kiɗa. Mai riƙe lokaci dole ya kasance a ɗakinka. Fiyanonka yana da metronom a jikinsa, wato abin da yake ƙwanƙwasa bugu daidai-daidai don riƙe lokaci, shi za ka kunna, malamin ya ji ku tare. Sauran darasin kuwa a yi shi kamar mawaƙi da 'yan amshi: ya buga gaɓa ɗaya ya yi shiru, ka mayar.

Ta fuskar data, awa ɗaya na bidiyon Zoom tsakanin mutum biyu yana cin daga rabin giga zuwa sama da giga ɗaya, gwargwadon ingancin hoto. Kashe HD yana rage wannan sosai. Idan malamin zai yarda, ku mayar da darasin da sassafe, don a yawancin unguwanni sabis ya fi sauƙi kafin jama'a su hau. Ka cika wayarka da caji tun dare, ka kuma duba ƙarƙashin fiyanon, domin yawancin ƙananan fiyanon Yamaha na jerin PSR-E suna aiki da batir AA guda 6 idan an ɗauke wuta.

Kyamara kuma, yawancin ɗalibai suna jingina wayar a gabansu, malami ya yi ta kallon fuska da haɓa. Ka kwantar da wayar a gefenka, wajen taku biyu daga kujera, ta ɗan fi maɓallan tsayi, yadda za a ga kanka da kafaɗa da gwiwar hannu da yatsu duka. Haske ya fito daga bayan wayar, kada taga ta kasance a bayanka. Ranar da ake maganar wane yatsa ne zai hau wane maɓalli, sai ka ɗaga wayar ta leƙo daga saman kafaɗarka. Kai ma kana da haƙƙin ka ce wa malamin ya nuna maka hannunsa daga sama.

## Ka tura bidiyo kafin ranar darasi

Idan abu ɗaya kaɗai za ka ɗauka daga amsar nan, to wannan ne. A irin sabis ɗinmu, kiran kai tsaye shi ne hanya mafi rauni da malami zai ji kiɗanka. Bidiyon da ka ɗauka a wayarka ba ya yankewa, ba ya daskarewa, ba matatar da ta taɓa sautinsa. Kwana 2 kafin darasi ka ɗauki kanka kana buga aikin makon, minti 2 zuwa 3, ka tura masa ta WhatsApp a matsayin fayil, ta wurin da aka rubuta "Document", don kada manhajar ta matse shi. Malamin zai iya tsayarwa, ya koma baya, ya ƙura wa yatsa ɗaya ido, abin da ba zai iya ba ko kuna ɗaki ɗaya. Ranar darasi kuma ba sai an ƙone minti 15 na farko a "to, buga in ji" ba. Kai tsaye za a sauka inda matsalar take.

Sharaɗi biyu nake kafa wa ɗalibaina a kan wannan. Na farko, kada a turo mini ɗauka ta ashirin da aka yi sa'a ta fita lafiya. Ta farko ko ta biyu nake so, da tuntuɓenta, domin ita ce hannunka na gaskiya, kuma ita ce za ta fito ranar Lahadi a gaban jama'a. Na biyu, ɗalibi ya kalli bidiyon shi kaɗai kafin ya tura, ya rubuto mini abin da ya ji bai yi ba. Akwai wata ɗalibata ma'aikaciyar jinya da take wani gari mai ƙarancin sabis, wadda na yi ta gaya wa cewa tana ɗan tsayawa duk lokacin da za ta canza kod, wato rukunin maɓallan da ake dannawa tare, ita kuwa tana cewa ba ta ji. Ba gardama take yi ba. Mai bugawa hankalinsa yana kan neman maɓalli na gaba, kunnensa ba ya auna shirun da ya bari. Da ta fara kallon bidiyonta, ita da kanta ta rubuto cewa a wuri uku take tsayawa, ta kuma faɗi wuraren. Daga ranar gyaran ya yi sauri, domin ta daina jiran in ji mata.

Tunda kuɗi ya fara yi maka nauyi, ka yi wa malaminka tayin canza tsari: kiran kai tsaye na minti 30, ko sau ɗaya a mako 2, tare da bidiyo duk mako wanda zai amsa da saƙon murya. Ka tuna kallon bidiyo da amsa shi aiki ne da yake cin lokacinsa, ku daidaita kuɗin a kan haka tun farko.

Minti 5 na ƙarshen kowane darasi kada ka bari su tafi a sallama. Ka maimaita wa malamin aikin makon da bakinka, ka rubuta a littafi. "Ka ƙara bita" ba aiki ba ne. Aiki shi ne: layi na biyu, hannun hagu shi kaɗai, metronom a bugu 60 a minti, sau 5 a jere ba kuskure. Da izininsa ka naɗi wurin da ya buga maka misali. Kuma da an kashe kira ka zauna minti 10 ka maimaita gyaran da aka yi maka tun hannu bai manta ba.

## Hannu biyun da suka ƙi jituwa

Mako yana da awa 168, darasinka bai cika awa ɗaya ba. Ko malamin yana gidanku, hannu yana koyo ne a sauran kwana 6. Minti 20 zuwa 30 kullum ya fi awa 3 ranar Asabar nesa ba kusa ba, domin motsin hannu yana zama ne a ƙwaƙwalwa tsakanin zama da zama, musamman bayan barci. Kai da kake dawowa aiki a gajiye, ka bar fiyanon a kafe a kan ƙafarsa, kujera a gabansa, zane a kansa saboda ƙurar hunturu. Wanda sai ya ciro shi daga kwali ya nemo waya ya jona, a mako sau biyu zai taɓa shi.

Haɗa hannu biyu fasaha ce ta uku mai zaman kanta. Iya dama da iya hagu ba sa haifar da ita da kansu, sai an koye ta daban, kuma a nan ne ɗaliban intanet suka fi maƙalewa, domin babu malamin da zai riƙe musu hannu ɗaya su ji yadda biyun suke shiga juna. Ga yadda nake koyar da ita. Ka ɗauki gaɓa biyu kacal, ba waƙa duka ba. A ce hagu yana sauka a bugu na ɗaya da na uku, dama kuma a duka huɗun. Ka rufe fiyanon, ka sa tafukanka a kan cinya, ka riƙa bugawa kana faɗa da baki: tare, dama, tare, dama. Idan ya zauna, ka koma maɓallai da metronom a 50, gudun da zai ba ka haushi don jinkiri. Sau 3 a jere ba kuskure, ka ƙara 4. Ka yi tuntuɓe, ka rage. Hannu ba ya bambance daidai da kuskure, abin da aka fi maimaita masa shi yake riƙewa, saboda haka buga gaɓa sau 10 da sauri kana kuskure a 7 koyon kuskuren ne.

Sau da yawa hagu ne bai nuna ba. Ka gwada shi: buga hagu shi kaɗai kana rera waƙar da baki, ko kana hira da wani. Idan ya watse, bai isa a haɗa shi da dama ba tukuna. Ka kuma duba ko tsalle kake sa shi ba dalili. Sabon ɗalibi a ki na C (ki shi ne sautin da aka kafa waƙa a kansa, wato do ɗinta) yakan ɗauke hannun duka daga do-mi-so ya kai shi fa-la-do, ya sake ɗauka zuwa so-ti-re, idonsa yana bin hagu, dama ta ɓace. Ka bar ƙaramin yatsa a kan do. Kod na farko do-mi-so da yatsu 5-3-1. Na biyu do-fa-la da 5-2-1: ƙaramin yatsa bai motsa ba, manuni ya sauka a fa, babban yatsa ya matsa maɓalli ɗaya. Na uku ti-re-so da 5-3-1: babban yatsa ya dawo so, sauran suka ja baya taku ɗaya. Kod ukun nan suna ɗaukar waƙoƙin coci masu ɗimbin yawa, kuma hannun bai bar wurinsa ba, har za ka iya yi ido a rufe.

Sai wata ɗabi'a da take cinye lokacin bita: komawa farkon waƙa duk sa'ad da aka yi kuskure. Farkon ya yi ta gogewa, wurin da yake da wuya yana nan yadda yake. Ka fara bitarka daga wurin da ya fi ba ka wahala, ka haɗa shi da gaɓar da take gabansa da wadda take bayansa. Haka nan maɓallin ACMP, mai kawo ganga da gita idan ka taɓa maɓalli ɗaya da hagu, ka kashe shi lokacin bita. Yana da ranarsa a situdiyo da wurin biki, amma yana ɓoye raunin hagu har mai shi ya ɗauka ya iya.

## YouTube, manhajoji, da maɓallin Transpose

Ba na hana ɗalibi YouTube, amma ina tambayarsa me ya je nema. Bidiyoyin nan masu sanduna suna gangarowa kan maɓallai suna koya maka waƙa guda ne ta haddar wuri, waƙa ta gaba kuma ka koma sifili. Sannan kowane mai koyarwa da nasa tsarin yatsu, ka bi mutum huɗu hannunka ya rasa na kamawa. Ka zaɓi mutum ɗaya, idan ka ga wani salo ya burge ka ka tura wa malaminka, shi ya ce yanzu ne ko sai gaba. Manhajoji irin su Simply Piano da Flowkey da Yousician suna sauraronka ta makirufo ko ta wayar MIDI mai jona fiyano da na'urarka, suna gane ko ka danna maɓallin daidai a kan lokaci. Ba su san da wane yatsa ka danna ba, ba su san hannunka ya sandare ba. Suna da amfani wajen saba wa ido da karatun rubutun kiɗa. Ka dai lura da gwajin kyauta, yakan zarce ya zama biyan kuɗi idan ba ka soke ba.

Tunda coci ka nufa, bari in daɗe a nan kaɗan. Ki 12 ne, amma makaɗa da yawa a wurarenmu ɗaya suka iya, C ko F♯, sauran sai su danna Transpose injin ya ɗaga ko ya sauke musu. Yana fitar da mutum kunya, na sani. Amma ranar da wata uwa a zumuntar mata ta ɗauko waƙa daga kujerarta ba ta tambayi kowa ba, ko mai bishe da waƙa ya hau ki a tsakiya, mai Transpose sai ya tsaya lalube, jama'a suna jiransa. Kai da kake farkon tafiya, wannan ne lokacin da ya fi arha ka kauce wa ramin. Ka ɗauki ki ɗaya duk mako 2 ko 3: sikel ɗinsa, wato jerin sautukansa daga do zuwa do, da yatsun da suka dace, kod ukun da na nuna maka, ka ƙara na la-do-mi, sannan waƙa ɗaya da ka riga ka iya ka mayar da ita can. Daga C ka je G, sai F, sai D, sai B♭, a haka.

Horon kunne kuma shi ne ɓangaren da intanet bai rage masa komai ba. Malaminka zai iya turo maka saƙon murya yana rera layi ɗaya, kai ka nemo do ɗinsa a fiyano, ka rubuta solfarsa, ka mayar masa. Wannan ko sabis mai rauni yana ɗauka. Ka nemi ya sa maka shi duk mako.

Ka kuma gaya masa burinka ɓaro-ɓaro, in ba ka riga ka yi ba. Malamai da yawa suna bin littattafan jarrabawar Turai ne da duk wanda ya zo, domin da su aka koya musu. Karatun rubutun kiɗa mai layi biyar yana da amfani gare ka, musamman ga waƙoƙin littafi masu murya huɗu, kuma minti 5 zuwa 10 kullum ya ishe shi a yanzu. Amma rabin darasinka ya kamata ya zama waƙoƙin da za ku rera. Mutumin Legas ba lalle ya san waƙoƙin Hausa ba, sai ka naɗo mawaƙanku a wurin bita ka tura masa. Waƙoƙinmu da yawa a kan sauti biyar suke tafiya, do-re-mi-so-la, babu fa babu ti, karin kuma yana bin hawa da saukar kalmomin Hausa. Baƙaƙen maɓallai biyar ɗin nan, idan ka fara daga F♯, su ne waɗannan sautuka daidai, kuma yana daga cikin abin da ya sa makaɗa suke maƙale wa wannan ki. Malami mai kunne zai lura cewa cika irin wannan waƙa da kod masu yawa yana ɓata ta, ya nuna maka inda za ka sassauta.

## Fiyanon da kake da shi, da yadda za ka auna kanka

Kada ka sayi sabon fiyano yanzu. Cikakken fiyano maɓalli 88 ne, farare 52 da baƙaƙe 36, amma 61 zai kai ka shekara ɗaya ko biyu a kan burinka ba takura. Ka duba ko naka yana amsa ƙarfin yatsa, wato idan ka danna a hankali ya yi laushi, ka kuma tabbatar wannan saitin a kunne yake. Feda ita ce abin da ya cancanci kuɗinka na gaba. Ka jona ta kafin ka kunna fiyanon, kuma kada ƙafarka ta kasance a kanta lokacin kunnawa, in ba haka ba a Yamaha sai ta juye, ta riƙe sauti idan ka ɗaga ƙafa. Kujera kuma ta kai tsayin da hannunka daga gwiwa zuwa tsintsiya zai kwanta daidai da maɓallai. Zama a bakin gado ko a kujerar roba mai gajarta yana karya tsintsiyar hannu, kuma wannan ne irin abin da malami ba ya gani idan fuskarka kawai yake kallo.

Masu maɓalli mai nauyi, irin Yamaha P-45 ko P-145 ko jerin Casio CDP-S, sai idan ka juya ga kiɗan Turai na gargajiya ko jarrabawa. Ƙungiyar kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas, wadda aka kafa a 1983, tana shirya jarrabawar mataki-mataki. Hukumar ABRSM ta Ingila kuma tun 2020 tana da jarrabawar da ake naɗar kiɗa 4 a bidiyo a zama ɗaya a tura, daga matakin farko har na 8, sai dai tana neman fiyano mai maɓalli masu nauyi da feda. Mai son coci da situdiyo ba dole ne ya bi ta nan ba. Ma'aunin da ya fi kusa da kai shi ne ka ajiye bidiyon waƙa guda a farkon kowane wata, ka kwatanta na yau da na wata 3 baya. Ka kuma roƙi shugaban mawaƙanku ya bar ka ka riƙe waƙa ɗaya mai sauƙi a wurin bita. Bin mutane masu numfashi, masu ja da saki, abu ne da allon waya ba zai koya maka ba.

Iyakata a nan ita ce ban ga hannunka ba, kuma duk abin da na faɗa a kan abin da ka rubuto na gina shi. Akwai taurin hannu da ko kyamara mai kyau ba ta nunawa sai an taɓa. Kaduna ba ta rasa gogaggun makaɗa ba, ka nemi ɗaya ya zauna kusa da kai ko sau ɗaya a wata 2, ya duba zamanka da hannunka kawai, ka gaya wa malaminka abin da ya ce. Idan kuwa kana jin zafi ko sanyin jijiya a tsintsiyar hannu ko yatsu, ka dakata da bita, in ya ci gaba ka ga likita. Wannan ba abin da ake daurewa a wuce ba ne.

Game da malamin naka, ka ba sabon tsarin mako 6. Idan yana kallon bidiyonka ya dawo maka da gyara takamaimai, yana tuna aikin da ya ba ka makon jiya, yana ce maka ka gyara kyamara don ya ga hannu, ka riƙe shi. Idan kuwa shi ne yake cinye rabin lokacin yana kiɗa kana kallo, ko kullum amsarsa "ya yi kyau, ci gaba", ko ya ƙi sauraron waƙoƙin da ka turo, to ka nemi wani, kuma ka biya kuɗin darasi ɗaya na gwaji kafin ka ba da na wata.